Tsagar bango a Ibadan

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1962 jam'iyyar Action Group, mai riƙe da Jihar Yamma ta Nijeriya, ta dare biyu: Awolowo da jam'iyya, Akintola da kujerar firimiya. Awolowo ya ƙare a kurkuku. Akintola ya kafa NNDP, ya ƙulla ƙawance da Sardauna.

Ran 11 ga Oktoba 1965 aka yi zaɓen ƴan majalisar jihar. Abokan jiya ne suka kara, kowa kuwa ya san makwancin ɗan'uwansa. Tun kafin ranar wasu malaman zaɓe suka yi ɓatan dabo don kada ƴan adawa su miƙa takardun takara, aka wayi gari mutanen Akintola sun ci babu hamayya.

Talaka bai nufi kotu ba, fetur ya saya. Aka ƙona gidaje da motoci, har da mutane. Fataken goro, da ba su ci ba su sha ba, suka riƙa bin hanyar Shagamu rai a hannu. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka harbe Akintola a Ibadan, Sardauna a Kaduna, cikin dare guda.