IRIN SHUKA BA ABINCI BA NE



A garinmu Unguwar Lalle, ƙasar Sabon Birni, damina ba ta sallama. Sai an sha zafin bazara har mutum ya rasa inda zai sa kansa, rijiya ta ja baya, sannan wata rana da la'asar, wajen ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ce ke fara zuwa da jar ƙura. Nan fa gida zai rikice: wannan ta kwashe shanya, waccan ta shigar da itace, yara suna jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Da ruwan ya sauka, ƙamshin ƙasar nan ya tashi, wallahi ko mai baƙin ciki sai ta yi murmushi.

Amma 'yar uwa, farkon damina shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mudun gero ya yi tsada, sabo kuma sai an jira shi wata uku.

Ina 'yar shekara 12 aka yi wata damina da ba na mantawa. Ruwan farko ya sauka, maza suka fita da sungumi, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Sai ruwa ya ɗauke ɗif, shuka ta ƙone. A gida kuwa kwaɗon tafasa muke ci dare da rana. Ni na san Inna ta ɓoye gero a wani tulu ƙarƙashin gadonta. Rannan da ƙanena ya dame ni da kuka, na ɗebo na zuba a turmi. Taɓarya na hannuna ta shigo.

Ba ta dake ni ba. Durƙusawa ta yi tana tsince geron, ta ce, "Ɗiyata, wanga iri na, ba abinci ba na. In mun ci shi yau, mi za mu ci baɗi?"

Na yi fushi, na ce a raina Inna ba ta da tausayi. Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai ƙarfi. Maƙwabta da dama sai bashin iri suka ci, mu kuwa tulun Inna aka fasa aka sake shuka, har ta sam wa kishiyarta.

Yau abin ya ƙara nauyi. A shekarar 2021 har kasuwar garinmu 'yan bindiga suka shiga suka kashe mutane, gonakin nesa da yawa suka gagara zuwa. Wanda ya samu ɗan fili kusa da gari, iri ɗaya tak bai kamata ya salwanta ba.

Don haka uwargida, kafin hadari ya haɗu, ki duba rufin ɗakinki, ki ɗaga buhu daga ƙasa, ki ɗaura wa yara gidan sauro, ki zubar da duk ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Sannan ki tambayi kanki: mene ne irin shukata? Kuɗin adashi ne, akuya ce, ko karatun 'yarki? Ko mene ne, kada yunwar kwana biyu ta sa ki zuba shi a turmi.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tulun yana ɗakina.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin.