Ba Sadaka Muka Je Nema Ba: Yadda 'Yarmu Mai Keken Guragu Ta Yi Yawon Sallah



Kamar yadda kuka sani, duk Sallah ƙungiyarmu tana haɗa yaran Gubi da kewaye a mota ta kai su cikin garin Bauchi, su kalli hawa a ƙofar fada, daga nan a wuce da su wurin wasan yara su huta. Mutane sun san Gubi da dam ɗin da ke shayar da birnin Bauchi, da kuma mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma yaranmu ba su da wurin lilo ko ɗaya a kusa. Shi ya sa wannan fita take da girma a wajensu. Tun azumi bai raba ba suke lissafin ta.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce mun tafi da wata 'yarmu mai shekara tara wadda ke amfani da keken guragu. Iyaye da dama sun tambaye mu yadda aka yi ta shiga har ta yi wasa, domin su ma suna da irin waɗannan yara a gida. Tunda Babbar Sallah tana tafe, muka ga ya dace mu rubuta bayanin dalla-dalla. Ba za mu ambaci sunan yarinyar ko na iyayenta ba, haka nan sunan wurin wasan.

Maganar ta taso ne a taronmu na cikin azumi. Mahaifiyarta ta miƙe ta ce tana so a rubuta sunan 'yarta a cikin masu tafiya. Ta ce yarinyar ba ta taɓa taka ƙafarta ba tun haihuwa, hannunta na hagu ma ba shi da ƙarfi sosai, amma tana zuwa makaranta, kuma tana jin duk labarin da ƙannenta ke kawowa idan sun dawo. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Sallah a yi wa yarinya kitso da lalle, a sa mata sabon kaya kamar kowa, sannan mota ta tashi a bar ta a zaure a ce mata "ke yi mana gadin gida." Ɗakin taro ya yi tsit, domin kowa ya san gidan da ake faɗin wannan kalma.

Nan take aka amince za ta je. Amma zuwa daban, shiga daban. Duk wanda ya taɓa kai yara wurin wasa ranar Sallah ya san yadda ƙofa take: turereniya, rana, matakala, da 'yan sanda ko 'yan banga riƙe da bulala suna tsare layi. Babba mai ƙafa biyu ma da ƙyar yake kutsawa, balle yarinya a kan keke. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aka ɗora wa ofishin sakatare ya nemi masu wurin tun da sauran mako biyu.

Kafin mu rubuta komai sai muka fara zuwa wajen ita mai abin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka tambaye ta me take so ta hau. Mun zaci za ta ce jirgin ƙasan yara, tunda shi ne mai sauƙi. Sai ta ce, "Kawu, ni lilo nake so." Ta ƙara da cewa ba ta son a ɗauke ta cak a gaban mutane kamar buhu, tana so ta shiga a kan kekenta. Wannan magana tata ita ta zama ginshiƙin takardar da muka rubuta.

Abu na biyu, mun nemi sanin abin da doka ta ce. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 23 ga Janairu, 2019. Dokar ta ce mai buƙata ta musamman yana da haƙƙin shiga gine-ginen da jama'a ke shiga daidai da kowa, kuma ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara su, a sa hanyar keke da makamantanta. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta ce a ba su fifiko a wurin layi. Ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya nuna musu wariya: kamfani tarar naira miliyan ɗaya, mutum ɗaya kuwa tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Tun kafin wannan, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci wasa da shaƙatawar yara ƙarara. Ke nan lilon da yarinyar nan ta ce tana so ba shagwaɓa ba ne, rubuce yake.

Sai dai ba mu je da niyyar yi wa kowa barazana da kotu ba. Mun ambaci dokar a layi biyu kacal, don a san ba da ka muke magana ba. Sauran takardar buƙatu ne guda biyar, kowacce a fili:

Na ɗaya, a yarda motarmu ta sauke ta a bakin ƙofa, ba can nesa inda ake ajiye motoci ba.

Na biyu, a ba mu izini mu ɗora katako a kan matakalar shiga don keke ya hau.

Na uku, kada ta bi layi a cikin rana, a ƙofa ko a wajen kayan wasa.

Na huɗu, a bar babbar mace ɗaya ta kasance tare da ita a duk inda za ta hau, ko da wurin na yara ne zalla.

Na biyar, a nuna mana makewayin da keke zai iya shiga.

Muka kai takardar hannu da hannu, mu uku, har da shugabar ɓangaren mata. Manajan wurin mutumin kirki ne, ya karɓe mu da fara'a. Amma yana jin an ce yarinya gurguwa, tun bai buɗe takardar ba ya ce, "Allah sarki! Ku kawo ta, ba sai ta biya ba." Har ya kai hannu aljihu. Muka ce, "Yallaɓai, mun gode, Allah ya saka da alheri. Amma kuɗin ƙofarta na cikin asusunmu kamar na sauran yara. Ba sadaka muka zo nema ba, hanya muka zo nema."

'Yan uwa, a nan gizo yake saƙar. A ƙasarmu tausayi ba ya wuya. Ana ganin gurgu ko makaho, hannu ya tafi aljihu. Amma da ya yafe mata kuɗin ƙofa ya bar matakala yadda take, da har yanzu tana waje. Kyauta takan kashe bakin mai nema, ya ji kunyar ƙara tambaya. Wanda ya biya kuɗinsa kuwa yana da bakin cewa "ina zan bi?" Kuma mu tuna, al'adarmu ba bara kawai ta sani ba. Masarautunmu sun daɗe da sarautar Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, wato an san jama'a ne masu murya da wakilci. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, a nan Najeriya aka ƙirƙiro ta, kuma 'yan Arewa na cikin gwanayenta. Masu irin wannan lalura ba su taɓa rasa son wasa ba, fili suke rasawa.

Da manajan ya karanta takardar sai ya yi shiru, sannan ya ce tun da yake aikin nan ba wanda ya taɓa zuwa masa da irin wannan buƙata a rubuce. Ya tashi da kansa ya zagaya da mu. Muka auna matakalar ƙofa: hawa biyu ne, tsayinsu gaba ɗaya kamar ƙafa ɗaya. Ƙa'idar da masu gini ke bi ita ce, duk inci ɗaya na tsayi a ba shi ƙafa ɗaya na tsawon gangara. Tsayin ƙafa ɗaya ke nan yana son katako mai ƙafa goma sha biyu. Idan ya gaza haka gangarar takan yi tsaye da yawa, keke ya riƙa komawa baya ko ya kife da mai shi. Wani kafinta ɗan ƙungiya ya haɗa mana shi, faɗinsa ƙafa uku, ya buga masa ƙananan katakai a gefe biyu don kada taya ta zame. Kuɗin katako da ƙusa kawai ya karɓa.

Ba duk abin da muka nema muka samu ba, kuma gara mu faɗa muku gaskiya. Buƙatu huɗu na farko an amince da su. Makewayi kuwa ƙofarsa ƙarama ce, keke ba ya shiga, kuma ba abin da za a iya yi kafin Sallah. Dole mahaifiyar ta yi nata tanadin, muka kuma taƙaita zamanmu zuwa awa biyu. Haka nan manajan ya ce ba zai bar ta ta hau babban lilon nan mai juyawa sama ba, domin kujerunsa ba su da ɗamara, kuma mai hawa yana buƙatar riƙo da hannu biyu. Ba mu yi masa gardama ba. Akwai bambanci tsakanin "ba za ta hau ba saboda gurguwa ce" da "ba za ta hau wannan ba saboda ga haɗarin da ke ciki." Na farko wariya ce, na biyu kula ce. Abin da muka roƙa kawai shi ne a faɗa mata dalilin ita da kanta, kada a yi maganarta a kanta kamar ba ta wurin.

Ranar fita mun isa da hantsi kafin cunkoso. Mun ɗauki lambar wayar manajan da sunan mai gadin da zai tsaya a ƙofa, mun kuma riƙe kwafin takardar da ya sa wa hannu. Wannan ta yi mana rana, domin an ƙaro masu tsaron ƙofa na wucin gadi saboda Sallah, ba su san da maganar ba. Da suka ga sa hannun maigidansu suka buɗe. Aka shimfiɗa katako, yayanta ya tura ta, ta shiga a kan kekenta kamar yadda ta nema. Ta hau jirgin ƙasa sau biyu. Ta hau ƙaramin lilo mai majingina, an ɗaure ta da zane a ƙugu, mahaifiyarta na tura ta a hankali tana cewa "Umma, ƙara!"

Wani abin da ba mu yi tsammani ba shi ne yawan waɗanda suka bi ta kan katakon nan. Wata tsohuwa mai sanda da ta rako jikoki, mai juna biyu, mai tura baro da lemo, duk ta nan suka bi. Da za mu tafi manajan ya roƙi mu bar masa shi har bikin Sallah ya ƙare. Muka bar masa, ya kuma yi alkawarin zai zuba na siminti ya faɗaɗa ƙofar makewayi. Alkawari ne dai, za mu koma mu duba kafin Layya, kuma za mu sanar da ku abin da muka tarar.

Ga iyayen da ke son yin irin wannan, ko a cikin gari, ko idan makaranta za ta kai yara Yankari ko Sumu, shawararmu gajeriya ce. Ku tambayi yaron abin da yake so. Ku je da wuri, ku je a rubuce, ku nemi mai iya yanke magana ba mai gadi ba. Kada ku ce "a taimaka mana" kawai, ku faɗi ainihin abin da kuke so a yi. Ku karɓi sa hannu. Kuma ba duk buƙata ce katako ba: kurma yana son a yi masa bayani da hannu ko a rubuce, makaho yana son ɗan jagora ya shiga tare da shi, yaron da hayaniya ke firgita shi yana son lokacin da ba cunkoso da inuwar da zai huta, zabiya yana son inuwa da hula, mai farfaɗiya yana son maganinsa a kusa da wanda ya san abin yi.

A ƙarshe, an buɗe rajistar yaran da za su je yawon Babbar Sallah. Muna roƙon duk gidan da ke da yaro mai buƙata ta musamman ya kawo sunansa ofishin sakatare da wuri, tare da bayanin abin da yake buƙata, don mu haɗa a takarda ɗaya. Bayanin zai tsaya a tsakaninmu. Muna kuma neman mata biyu da samari biyu da za su sa kai su yi rakiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kun san maƙwabcin da ke jin nauyin fito da ɗansa, ku je ku same shi cikin mutunci ku gaya masa akwai kujerarsa a mota.




Sakataren Ƙungiya