Hali zanen dutse: gonakin inabi na Bourgogne

A kudu da birnin Dijon, a gabashin Faransa, akwai wani gangaren tudu mai fuskantar mafitar rana, wanda ake kira Côte de Nuits. Tsawonsa kimanin kilomita 20 ne, faɗinsa kuwa a wasu wurare mutum yana ratsa shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Daga nan ne jar giyar inabi da ta fi kowace tsada a duniya take fitowa. Baƙon da ya zo da tsammanin ganin abin mamaki sai ya tarar da gajerun itatuwan inabi jere-jere, da ƙananan katangu na dutse, da ƙasa mai tsakuwa wadda manomin hatsi zai raina.

Mutanen wurin ba sa raina ta. Suna da kalma guda, terroir, wadda ta haɗa ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashinta, da yadda rana ke faɗa mata, da inda ruwa ke bi, da hannun da ya saba nomanta. Wanda ya san bambancin jigawa da fadama, ko ya ji manoman Galmi suna cewa albasarsu ba ta yin daɗinta a wata ƙasa, ya riga ya fahimci rabin zancen. Sauran rabin shi ne yadda mutanen Bourgogne suka bi wannan sani taki bayan taki, har suka raba gangaren nan da na Beaune da ke kudu da shi gida 1,247, kowane da iyakarsa da sunansa. Su ne ake kira climats, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2015.

A saman tudun ƙasar ba ta da kauri, ga iska mai sanyi. A gindinsa laka ta yi nauyi, tana riƙe ruwa. Albarkar tana tsakiya, inda yumɓu ya gauraya da dutsen farar ƙasa, ruwa yana tsanewa, hantsi yana dukan ganye. Irin da ake shukawa kusan guda ne, pinot noir, mai siririyar fata, marar juriya, wanda ba ya ɓoye komai na wurin da ya tsiro. Shi ya sa gonaki biyu da turba kawai ta raba su suke ba da giya biyu, ɗaya mai ƙarfi da kauri, ɗaya mai laushi da ƙanshi. A jikin kwalba sunan gona ake rubutawa da manyan baƙaƙe, na mai ita da ƙanana. Har ƙauyuka sukan ari sunan gonarsu: a 1847 ƙauyen Gevrey ya zama Gevrey-Chambertin.

Wannan sani ba a dare ɗaya aka same shi ba. Sufayen Kirista na Cîteaux, waɗanda aka kafa gidansu a 1098, sun yi ƙarnuka suna noman wurin, suna lura, suna kewaye gonaki da katanga. Mafi shahara cikinsu ita ce Clos de Vougeot, mai hekta kusan 50. A 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umurnin a tumɓuke irin gamay mai yawan ƴaƴa, domin kada yawa ya kashe kyau. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace gonakin coci aka sayar, daga baya sayarwa da rabon gado suka yi ta gutsuttsura su. A yau Clos de Vougeot tana hannun mutane kimanin 80, wani ma layi kaɗan gare shi. Suna ɗaya suke sa wa kwalabensu, amma abin da ke ciki ya sha bamban. A nan ake gane cewa ƙasa ba ta magana sai ta bakin manomi.

Gonar Romanée-Conti ba ta cika hekta 2 ba. Lokacin da ƙwaron phylloxera ya cinye saiwoyin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, manoma suka tsira ta hanyar aurar da irinsu a kan saiwar inabin Amurka, kamar yadda ake aurar da mangwaro. Masu wannan gona suka ƙi, suka riƙe tsofaffin itatuwansu har 1945, shekarar da kwalba 600 kacal suka samu. Sai suka tumɓuke, suka sake dashe, gonar ba ta ƙara ba da giya ba sai 1952. Saiwar ta zama baƙuwa, amma masu ɗanɗano suka ce gonar tana nan da halinta. A 2018 aka sayar da kwalba guda ta 1945 a kan dala 558,000.

Irin wannan kuɗi shi ne masifa ta farko. Darajar ƙasa ta hau har ɗan manomi yakan rasa abin biyan harajin gadon ubansa, sai ya sayar. Kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays a 2014, attajiri François Pinault kuma ya sayi Clos de Tart a 2017. Ta biyu daga sama take. Littattafan garin Beaune sun adana ranakun tsinkar inabi tun 1354, kuma sun nuna cewa daga 1988 ana rigan tsohon lokaci da kimanin kwana 13. Itace yana toho da wuri, sanyi ya dawo ya same shi tsirara. A watan Afrilu na 2021 manoma sun kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka domin kada toho ya daskare, duk da haka da yawa sun yi hasara.

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Dutsen Bourgogne yana nan inda sufaye suka bar shi, ba mai kankare shi. Sai dai zanen yana bukatar mai karatu, wanda ya koya daga kakansa wane layi ne ke fara nuna, wane lungu ne sanyi ke kwana. Irin wannan mutum ne ke tsaye a gona da asuba, hayaƙin kyandir a tufafinsa, yana lissafin ko ɗansa zai iya gadon wurin.