Kakkaɓar Ƙurar Hunturu: Gida da Haƙƙoƙin da ke Cikinsa

 

Allah cikin hikimarsa ya raba mana shekara gida huɗu: damina, kaka, hunturu da bazara, kowanne da irin hidimar da yake ɗora wa gida. Tun daga watan Nuwamba iskar arewa maso gabas take taso mana daga hamada, ɗauke da ƙurar da mai yawa daga cikinta ke tashi a kwarin Bodele na arewacin Chadi. Wata uku ko huɗu muna rufe tagogi, muna cusa tsumma a kafar ƙofa, muna kwana a cunkushe cikin ɗaki saboda ɗari. Da zarar Fabrairu ya kai ƙarshe sai hazo ya fara washewa, ruwan randa ya daina yanka haƙori, kafin a ankara zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. A wannan ɗan tsakanin ne muka gaji al'adar fitar da kayan ɗaki tsakar gida a yi musu kakkaɓa. A gidanmu ba mu taɓa bari lokacin ya wuce ba, kuma shekara da shekaru sun nuna mana cewa aikin ya wuce na tsintsiya kawai.

Mukan zaɓi ranar da yara ba su da lakwal, mu fara bayan sallar asuba tun rana ba ta yi ba. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma a kai su maƙwabta ko ƙarƙashin rumfa nesa da ƙura, masu aiki kuma su ɗaure hanci da baki. Daga sama ake farawa: saƙar gizo a azara da kusurwoyi, sannan bango, sannan kan kabad da bayan gado, daɓe shi ne na ƙarshe. Kafin a sa tsintsiya sai an yayyafa ruwa, domin busasshiyar shara tayar da ƙura take yi ta koma inda ta fito. Katifa da tabarmi da matasan kai a baza su a rana a bubbuge. Barguna da rigunan sanyi a wanke su bushe sarai kafin a ninke cikin akwati, in kuwa za a sa kafur to a nisanta shi daga hannun yara, don suna ɗaukarsa alewa. Kaskon garwashi da aka yi ɗumi da shi a zubar da tokarsa a ajiye. Mai ɗaga tsibin kaya ko itace ya sa takalmi, kada ya zura hannu inda idonsa bai gani ba, domin da shigowar zafi kunama take fitowa, kuma irin waɗannan wurare ne maɓoyarta.

Buɗe tagogi da rage cunkoson ɗaki ba don jin daɗi ba ne kaɗai. Ƙasashenmu suna cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma cutar ta fi tashi daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kwana cikin matsi kuma yana sauƙaƙa wa ƙwayar cutar wucewa daga wannan zuwa wancan. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 da 1997 ba, wadda ta kama mutum sama da 250,000 a yankin, ta kashe kimanin 25,000. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Shara ba ta maye gurbin allura, saboda haka idan karnen rigakafin yara ya fito cikin kakkaɓa, a duba shi a ga abin da ya rage. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa ba a kwana da su a gida.

Bayan ƙura sai babban aiki, wato tantance kaya. Mukan shimfiɗa tabarma uku. Ta farko ta abin da muke amfani da shi, ta biyu ta abin da yake da sauran amfani amma ba a gare mu ba, ta uku kuwa ta abin da ba namu ba ne tun asali. Wannan ta ukun ita ce ta fi ba mutum mamaki. A kanta za a ga tukunyar biki da aka aro tun suna, da littafin wani malami, da guduma da tsani na maƙwabci, da ƙunshin da wani ɗan'uwa ya bari ajiya zai tafi ci-rani. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Mayar da amana ga mai ita umarni ne da ya zo a Suratun Nisa'i, kuma daɗewar abu a ɗakinmu ba ta mayar da shi namu. Ranar nan mukan aiki yara gida-gida da kayan mutane tare da godiya, wanda mai shi ya yi nisa kuma a rubuta sunansa a jiki a sanar da babba a gidan, don ko ta Allah ta kasance a san na wane ne.

A nan ne kuma muke jan hankalin masu gida. Jeren uwargida, kwanoninta da tasoshinta da langunanta da gadonta, dukiyarta ce da iyayenta suka yi mata ko ta saya da guminta. Ko da maigida yana ganin sun cika ɗaki suna tara ƙura, ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa sai da yardarta. Jeren nan ga mata da yawa shi ne asusunsu na ranar larura, kuma shi ne somin kayan ɗakin ƴaƴansu mata. Abin da ya dace shi ne shawara cikin lalama: Hajiya, waɗannan da suka yi tsatsa fa, me kike gani? Idan ta ce a bari, a wanke a mayar. Haka ma kayan kishiya da ta yi tafiya, ko na tsohuwa da ke ɗakinta, ba a taɓa su a bayan idonsu.

Mafi nauyi duka shi ne akwatin mamaci. Gidaje da yawa suna da irinsa, an tura ƙarƙashin gado shekara biyar ko goma, ba mai son buɗewa saboda kewa. Wasu kuma tausayi ke sa su kwashe rigunan su rabar sadaka washegarin addu'ar bakwai. Shari'a ta shimfiɗa tsari: bayan hidimar jana'iza a biya bashi, a zartar da wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, abin da ya rage na magada ne, har hula da takalmi da buta. Baligai suna iya yafe rabonsu a yi wa mamaci sadaka, amma babu mai ikon yafe rabon maraya ƙarami a madadinsa. Idan kakkaɓa ta fito da irin wannan akwati, a kira malamin da ya san ilimin gado a raba, tun gara ba ta riga magada ba.

Tabarma ta biyu ita ce ta lada. Tufafin sawa da kayan amfanin gida ba a fitar musu da zakka, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Sharaɗin da muka ɗora wa kanmu shi ne wanda Suratul Baƙara ta yi gargaɗi a kansa, kada mutum ya zaɓi abin da shi kansa zai ƙyamata ya ce ya bayar don Allah. A wanke, a ɗinke inda ya yage, a ninke. A kuma duba lokaci: mai shiga bazara ya fi bukatar riga mara nauyi da tabarma da tulu da takalmi, don ƙasa takan yi zafin da ba ta takuwa. Barguna gara a damƙa wa kwamitin masallaci ya adana har Nuwamba. Mabukata ba su da nisa: almajiran unguwa, matan da mazansu suka rasu, waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, da ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. A bayar a asirce, da dare in ya yiwu, don a tsare mutuncin mai karɓa.

Akwai abubuwan da ba a jefawa bola kai tsaye. Yagaggun shafukan Alƙur'ani da takardun da ke ɗauke da sunan Allah a tattara su a binne a wuri mai tsarki, ko a ƙone su cikin ladabi, kamar yadda malamai suka halatta bisa abin da Halifa Usman ɗan Affan ya yi da sauran kwafe-kwafe bayan an haɗa Mus'hafi guda. Magunguna a duba kwanan watan da ke jikin kwali, wanda ya wuce kada a ba kowa, a tambayi mai farmasi yadda za a yi da shi. Sauran a ɗauke su daga taga da kusa da murhu, domin zafi yana lalata su. Takardar haihuwa da ta fili da ta makaranta a haɗa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a sama. Leda kuwa kada a ƙone ta a tsakar gida, hayaƙinta cuta ne, kada kuma a bar ta ga iska, domin akuya tana haɗiye ta ta mutu. Nijar ta kafa dokar hana irin ledar nan mara kauri tun 2014, amma kowa yana ganin yadda take toshe magudanan ruwa.

Ƙarshen aikin yana waje. Bazara ita ce lokacin duba rufi da indararo, da yaɓen katangar da ta tsage, da yashe kwatar ƙofar gida, tun hadari bai haɗo ba. Daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a ƙasar nan, har da tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19. Ginin ƙasa yana daɗewa muddin ana bibiyarsa kowace shekara, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wanke randuna a cika, a gyara gidan sauro don kwanan waje, maza da samari su ɗauki aikin tsani da na ɗaukar nauyi, kada a bar wa mata komai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida, kamar yadda Uwar Muminai A'isha ta ba da labari.

Allah ya sa mu ga bazara lafiya, ya tsare mu daga gobara da annoba, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu tun muna da rai.