Awakin da ke cikin waya

A 2014, shekarar da aka gano zinariya a Jado, samarin Ajekoriya da dama suka yi arewa, ciki har da yayana. Ni aka bari da tsofaffi da gona. Da Allah ya ba shi ɗan rabo, sai ya aiko mini da faifan sola da batir, na kafa rumfar cajin waya a bakin kasuwa.

Da farko ƙananan wayoyi masu madanni ake kawo mini, waɗanda ba ruwansu da intanet. Bayan shekara biyu zuwa uku sai wayoyin shafawa, Tecno da Itel, suka fara shigowa daga Maradi, kalmar mega ta shiga bakin kowa. Mutum ya sayi megan dala ɗari, kuɗin da a wasu watanni ya kai na tiyar gero, don kawai ya ji muryar ɗansa da ke ci-rani.

Akwai wani dattijo da ɗansa ke Libiya. Wata safiya ya zo ya ajiye wayarsa a kan tebur.

“Ɗana, jiya da la'asar na sa mega. Ban ji muryar yaron nan ko sau ɗaya ba, yau da asuba an ce sun ƙare. Wa ya sha?”

“Baba, kamfanin ne ke yankewa,” na ce masa, don abin da kowa ke faɗa ke nan.

Wani malamin kolej da ke jiran cajinsa ya ji mu. Ya karɓi wayar, ya shiga saiti, ya buɗe wurin da Android ke lissafa abin da kowace manhaja ta ci. Ashe ba kamfani ba ne. Wani wasa da jikan dattijon ya tura da Xender shi ne a kan gaba, yana ta jawo tallace-tallace cikin dare. Bayansa wata manhaja mai cewa tana share datti. Sai sabuntawar da waya ke yi da kanta, sai bidiyoyin zaurukan WhatsApp da ke sauka ba wanda ya taɓa su. Muryar da tsohon ke jira, ta minti ɗaya, ba ta kai mega guda ba.

Na ji kunya ƙwarai ranar. Malamin ya ce mini: “Ka ɗauke su kamar awaki da damina. In ba ka ɗaure ba, gonar da ta fi kusa za su shiga.” Mu da muka tashi muna ganin rigimar ɓarnar gona tana kaiwa gaban mai gari, ba sai an yi mana ƙarin bayani ba.

Shi ya koya mini ɗaurin. Ana shiga kowace manhaja a hana ta amfani da intanet in ba buɗe ta aka yi ba. A WhatsApp a kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye. A hana sabuntawa sai an samu wifi, wanda a wurinmu ma'anarsa sai an je birni. Daga baya ya sa mini wata manhaja mai suna NetGuard. Ita dabararta, takan kafa wata ƙofa a cikin wayar, irin ta VPN, ta yadda duk abin da zai fita sai ya bi ta nan. Gaban sunan kowace manhaja akwai alamar wifi da ta mega, ka taɓa ka rufe, ka taɓa ka buɗe.

Zafin sabon koyo ya sa na yi ɓarna ni ma. Na rufe kome a wayar wata gwaggona, har da ayyukan Google da ke buga wa waya ƙofa in saƙo ya iso. Kwana uku ba ta ji ƙararrawa ba, alhali 'yarta ta haihu a Dakoro. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun daga nan ba na rufe abin da ban san aikinsa ba, kuma ba na taɓa wayar kowa sai yana tsaye yana kallo.

A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, intanet ɗin waya ya ɗauke a Nijar kusan kwana goma. Mutane suka yi ta zuwa rumfa suna cewa in buɗe musu abin da na rufe, ina rantsuwa cewa wannan ƙofar ba a hannuna take ba. Dattijon nan ya koma sayen kiredi yana kiran Libiya da tsada.

Na bar rumfar yanzu, ƙanena ke riƙe da ita, kuma har gobe tsofaffi na zuwa da tambayar nan ta wa ya sha. 'Yan'uwana masu caji da masu sayar da waya, daga Kornaka har Dakoro, don Allah kafin ku miƙa wa tsoho wayarsa, ku zauna da shi minti biyar, ku nuna masa jerin manhajojin nan, ya zaɓi wadda zai bari ta fita.