Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Ziyara a Rumbun Katsina

Wanda ya saba da arewacin Katsina, ƙasar rairayi da gero, idan ya nufo kudu da kaka zai ga duniya tana sauya masa tun kafin ya shiga Ƙanƙara. Ƙasar noma ta yi nauyi, ciyawa ta yi tsayi, ɗorawa da kaɗanya sun bazu cikin gonaki, ga manyan duwatsu jefi-jefi a bayan ƙauyuka. Ruwan sama a nan yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, damina kuma ta fi ta Daura da Jibiya tsawo. Shi ya sa masara ta samu wurin zama.

Ƙanƙara gari ne na Sarkin Pauwan Katsina, kuma arzikinta har ƙarƙashin ƙasa yake. Farar ƙasar da ake haƙowa a yankin, wadda ake shafe ɗaki da ita, masana'antun fenti da na tangaran ma suna nemanta. Na tsaya na kalli masu ɗora buhunanta a mota, jikinsu fari fat, na yi takaicin yadda mafi yawanta ke fita ɗanya, ribar ta tafi wani gari.

Daga nan hanya ta kai ni Sheme, a ƙasar Faskari, inda ake haɗuwa da babban titin Funtuwa zuwa Gusau. Ranar kasuwa ba a jin maganar juna saboda kukan shanu da cinikin dillalai. Faskari tana iyaka da Zamfara, kuma ƙasar auduga ce tun da daɗewa: a Daudawa Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar irin auduga, daga nan ake raba iri zuwa sassan Arewa. Yau masara da dawa da waken suya sun danne audugar. Sabuwa kuwa can take ƙuryar kudu, bakin iyakar Birnin Gwari, ƙasar fadamu da shinkafa da rake. Hatsinta da yawa kasuwar Dandume yake bi kafin ya kama hanyar Kano ko kudancin Najeriya.

Amma ni a cikin akushi na fahimci yankin nan. A gidan da na sauka, uwargida ta aiko da tuwon masara da miyar kuka, ta leƙo daga ƙofar zaure ta ce, "Ɗana, a yi haƙuri da abin da ya samu." Abin da ya samu ɗin nan ba na jin zan same shi a gidan abinci na birni. Masarar a gonar gidan aka noma ta, aka surfa, aka wanke, aka shanya, aka niƙa. Daddawar daga kalwar ɗorawar da na wuce a hanya take: a dafa ta har ta yi laushi, a cire ɓawo, a rufe ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa yadda ake so, sannan a daka a shanya. Man shanun da ke yawo a saman miyar kuwa daga rugar Fulani ya zo, ta hannun matan da suke kawo nono da safe a dama fura. Manomi da makiyayi ke nan a cikin kwano ɗaya.

Da rana fate ne na tsakin masara da yakuwa, mai ɗan tsami, ko dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Yara kuma sun koma awara, tunda waken suya ya wadata. A Sabuwa kada baƙo ya fito bai ɗanɗani mazarƙwaila ba.

Ba zan ɓoye abin da ke damun mutanen nan ba. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, duniya ta san sunan garin ta hanyar da bai dace da shi ba. Tun kafin nan da bayan nan an kashe mutane, an kore shanu, ƙauyuka sun tashi, wasu manoman sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu. Direbobi suna gudun tafiyar dare. Duk da haka na ga mutane da fartanya a kafaɗa tun da sassafe, suna gaishe ni da fara'a, suna tambayata ya hanya.

Ina roƙon gwamnatin jiha da ta tarayya su tsare gonakin nan kamar yadda ake tsare manyan ofisoshi, su gyara hanyoyin ƙauyuka. Kai kuma mai karatu, in ka auni masara a Katsina ko Kano, ka sa manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a addu'a. Allah ya ba su zaman lafiya da damina mai albarka.