Ɗakin Goron Kakana Ya Koma Ɗakin Ƙarfe

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba komai ba ne, aikin siminti ne ya riƙe ni, har yanzu tafin hannuna bai gama warkewa ba.

A bayan gidanmu a nan Sabo, cikin Badun, akwai wani ɗaki da kakana yake tara huhunan goro idan an kawo daga Shagamu, kafin a yi lodi zuwa Arewa. Tun da Baba ya bar goro ya koma shago, ɗakin ya zama na ɓeraye. Ni kuwa tun ina sakandare nake zuwa wajen wani dattijo Bayarabe mai fere ƙarfe a kusa da kasuwar kayan mota ta Gate, duk Asabar, ba don kuɗi ba, sha'awa ce kawai. Za a ɗaure sandar ƙarfe a bakin inji tana juyawa, a matso da wuƙa a hankali, ɓawon yana fita a nannaɗe kamar ana feraye lemo. Da idonsa ya yi rauni ya sayar mini da ƙaramin injin nasa, biya kaɗan-kaɗan.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ɗakin goro da ɗakin ƙarfe abokan gaba ne. Goro yana son sanyi da laima, shi ya sa ake lulluɓe shi da ɗanyen ganye, kuma kakana da gangan ya zaɓi ɗakin da rana ba ta dukansa. Ƙarfe kuwa kwana uku ya yi a ciki da damina, na tarar da gadon injin ya yi jajir da tsatsa. Dole na canza kwano uku da ke yoyo, na buɗe taga, sannan na yanke shawarar fasa daɓen gaba ɗaya, a shimfiɗa leda a ƙasa don ta tare laima, a zuba kankare mai kaurin inci 6, a dasa ƙusoshi huɗu masu zare da za su riƙe ƙafafun injin.

A nan ne Baba ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ramin, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai, wannan abin buhu nawa ne nauyinsa?" Na ce, "Baba, mutum shida ne suka sauke shi." Ya ce, "To ranar da aka ce a tashi, mutum shidan a ina za ka same su?"

Na san abin da yake nufi, ku ma kun sani. A watan Fabrairun 2021 da rikicin kasuwar Sasa ya tashi, mutanen da suka tsere mana nan, kowa abin da ya iya ɗauka a hannu shi ya tsira da shi. Baba da kansa ya kwantar da wasu a zaurenmu. Tun daga lokacin ko firiji babba ba ya son saya. Kuɗi ya fi so ya aika gida a sa bulo, a gidan da sau ɗaya yake kwana a cikinsa a shekara.

Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma tun 1916 aka kafa Sabon nan. A nan aka haife ka, a nan aka haife ni, kakana a nan yake kwance. Har yaushe za mu yi ta zama da takalmi a ƙafa?" Wallahi sai da maganar ta fita na ji nauyinta, don ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Bai yi faɗa ba, ya juya ya tafi masallaci. Kwana biyu sai gaisuwa.

Rana ta uku ya turo birkilansa, da saƙon cewa a zuba kankaren, amma a rushe ƙofar a faɗaɗa ta yadda injin zai fita ba sai an wargaza shi ba. Shi ya biya kuɗin ƙofar.

Sauran aikin ni da haƙurina ne. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, na yi mako guda ina ba shi ruwa, na jira kwana 28 kafin na ɗora injin. Sandar farko da na fere ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Na zargi wuƙa, na zargi ma'aunina, ashe ɗaure ƙusoshin da na yi ne ya ɗan murɗe gadon injin, abin da ido ba ya gani. Dattijon nan ya yi mini dariya, ya ce in yanka gwangwanin lemo in riƙa cusawa ƙarƙashin ƙafa ɗaya ina gwadawa. Yanka na uku ya daidaita.

Wuta kuma nata daban. Motar injin mai layi uku ce, gidanmu layi ɗaya, na musanya ta da mai ƙarfin doki ɗaya. Ƙaramin janaretanmu ko tayar da ita ba ya iyawa, don a lokacin tashi tana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ci in ta kama gudu. Ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin wasa ba ne. Saboda haka ko ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, ina tashi.

Abu na farko mai amfani da na yi shi ne zoben tagulla na injin markaɗen maƙwabciyarmu, wata Iya mai ɗanyen barkono. Ta ƙi yarda ban karɓi kuɗi ba, sai ga kwanon amala da yamma.

Baba har yau bai ce aikin ya yi kyau ba. Amma shekaranjiya ya shigo da marfin tsohon sikelin kakana da ƙusarsa ta cinye, ya ajiye a kan tebur, ya ce in duba in na samu sarari. Da zai fita ya taɓa sufanar da ke kwance ƙusoshin ƙafar injin, wadda ya sa na rataye a jikin ƙofa, ya ce, "Wannan kada ka ara wa kowa."

Wassalam, sai an kawo wuta.